Babu Mai Ciki a Gidan Nan

Ruƙayyatu ta iso Tungar Magagi da hantsi a kan amalanken jaki, cikinta ya shiga wata na bakwai. Gwaggon mijinta ce ta rako ta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari: a mayar da ita gaban uwarta, ta haihu, ta yi wankan jego, sannan ta koma ɗakinta. Mata suka fito ana sannu da hanya, ana sauke ƙullin kaya. Mutum ɗaya ce ba ta leƙo ba, ita ce uwar. A'isa tana bakin murhu tana ta hura wutar da ke ci sarai, kai ka ce ba ta ji tsayuwar amalanke ba.

Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce. Ko kusa. Ruƙayyatu 'yar fari ce, mu kuwa a nan Kurfey uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana yabonsa ma sai ta kau da kai. Shekara ashirin da 'yan kai A'isa tana kiran 'yarta "waccan". In za ta ba ta abinci sai ta dire kwano ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, in da mai ci." Amma tun ranar da labarin cikin ya zo kunnenta ba ta sake samun sukuni ba. Ta sayar da akuya aka sayo mata babbar tukunya a kasuwar Baleyara, ta tanadi kanwa da yaji, ta sa mijinta Alu ya sake wa ɗaki jinka. Da yarinyar ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta, A'isa ta amsa fuskarta na kallon tukunya. Ta wutsiyar ido ta kalle ta, kuma abin da ta fara gani shi ne ƙafafun sun kumbura.

Tsakanin Tunga da gidan likita akwai ƙorama. Da rani yashi ce kawai, yara na wasan langa a cikinta. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a kan tudu, sai ta taso da itatuwa da gawar awaki, ta raba mu da duniya har sai ta ga dama. Mai ciwo ya jira, mai naƙuda ta jira. Ƙanwar A'isa, Muna, a bakin ruwan nan ta cika da cikin fari, shekarun baya.

Kafin ruwan farko wani saurayi ya shigo Tunga a kan babur, da babbar wayar salula a hannu. Sunansa Kamal, ma'aikaci ne a ofishin magajin gari, ofishin da mu muke ce wa meri. Ya zauna a gindin gawo wajen maigari ya yi bayani. Wai yanzu an daina aikin kowa tasa ta fisshe shi. Likita da abin da ta sani, makaranta da nata, masu gari da nasu, duk za a zuba su wuri ɗaya a duba inda buƙata ta fi, don in abu ya samu a kai shi can, ba garin da ya fi baki ko ya fi 'yan uwa a Yamai ba. Magana ce mai kyau, da kunnena na ji, ban ga aibinta ba. Sai dai mun sha jin maganganu masu kyau a gindin gawon nan. An ƙirga mu, an ƙirga awakinmu, har kaji an taɓa ƙirgawa, ba mu ga ko ƙwai ba. Don haka maza suka ce masa madalla, ya tashi ya shiga bin gidaje.

Ya yi sallama a ƙofar Alu. Alu na zaune yana sa wa hauya ƙota. A'isa ta fito ta tsaya daga gefe. Kamal ya tambayi rumbu, ya tambayi nisan rijiya, ya tambayi yaran da ke zuwa makaranta, yana dannawa.

"Inna, ɗiya nawa gare ki?"

"Ukku," in ji A'isa. "Tijjani, da Safi, da Mansur." Huɗu ta haifa, amma ta farin ba ta shiga bakin uwa.

"To, akwai mai ciki cikin gidan ga?"

A bayan zana, inda ko tari aka yi za a ji, Ruƙayyatu na zaune tana ɓarar waken iri, ta miƙe ƙafafu don ba sa lanƙwasuwa. Alu ya sunkuyar da kai ya shiga bugun ƙotar da ta riga ta zauna.

"Babu," in ji A'isa.

Me kake so ta ce? Baƙon namiji, sa'an ɗanta, a gaban mijinta, yana tambayarta cikin 'yar fari. Ko bakinta ya yarda, harshenta ba zai juya ba. Ga kuma tsoron baki. A wurinmu ba a tallar ciki, ana barinsa ne har ya faɗi kansa, don abin da aka ƙirga ido ya gan shi. Haka Kamal ya bi Tunga gida gida yana karɓar "babu". Mata biyu kawai ya rubuta, su ma a rijiya ya gamu da su, cikinsu ya riga ya yi gaba ya bar su a baya. A garin mijin Ruƙayyatu kuwa, da aka je ƙirga, dangin miji suka ce ta tafi gidansu, a can za a rubuta ta. Ta haka ta zama ba ta nan, ba ta can.

Ba a daɗe ba maigari ya dawo daga taron meri. A rijiya A'isa ta ji labarin, daga bakin ƙawarta Husaina, wadda suka yi aure shekara ɗaya suka tsufa danga ɗaya.

"Kin ji abin da anka yi? Wai an samu sajfam guda, ungozomal likita, wadda za ta zamna bayan ruwa dut damina, da allurai da komi. Mu da garin Rijiyar Issa anka auna. An ba su."

"Don mi?"

"Wai sun hi mu masu ciki. Mu biyu gare mu." Husaina ta yi dariya tana jan guga. "Biyu! Tungar da ko wane ɗaki ka leƙa kaɗan ya rage ya hwashe."

Daga baya muka ji cewa a Rijiyar Issa malamar makaranta ce ta yi ƙirgar, mace mai 'ya'ya, ta shiga ɗaka ta zauna a tabarma. Ba wanda ya cuce mu. Abin da muka faɗa shi aka rubuta, kuma da shi aka yi aiki.

A'isa ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki tulu ta koma gida. Ta tarar da Ruƙayyatu tana ƙoƙarin cusa ƙafa a takalmin da ta zo da shi, ya ƙi shiga. Fuskar ma ta fara cika, idanun sun ƙanƙance. Haka Muna ta yi kafin jijjiga ta kama ta. Tsoro ya sauko wa A'isa, ta dire tulun, ruwa na zuba. Da Alu ya dawo masallaci ta tare shi a zaure.

"Malam, gobe kasuwa. Ka ɗaura shanu, zan bi ka."

"Mi za ki saye?"

"Ba saye za ni ba. Meri za ni."

Alu ya dube ta, ya dubi wajen ɗakin 'yarsa.

A'isa ba ta taɓa shiga ofis ba. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, wani ya ce mata ba masallaci ba ne, ta dai bar su a nan. Ɗakin cike yake da maza, ga manjo, shugaban gidan likita, ga shugaban makaranta, ga wasu masu gari sun zo da nasu koke. Mace ɗaya ce a ciki, Hajiya Nasiba, mataimakiyar magajin gari, mai ƙiba da gilashi da muryar da ba ta buƙatar lasifika. A bango an haska taswirar ƙasarmu, ga ƙorama ta ratsa ta, ga garuruwa, kowanne da ɗigo-ɗigo ja a kansa. Kamal ya gane ta. Ya taso da fara'a ya nuna mata: kowane ɗigo mace ce mai ciki, ba a sa suna, ba wanda zai san ko wace ce. Rijiyar Issa ta yi ja kamar an watsa barkono. Tungar Magagi ɗigo biyu.

A'isa ta daɗe tana kallo. Ba ta iya karatu ba, amma wannan ba ya buƙatar karatu.

"Ɗana, wanga abu ƙarya shika yi. Ba laihinai ba na, mu munka hwaɗa mishi. Ni da kaina nic ce maka babu, alhali akwai."

Kamal ya ciro salula.

"Ba komi, Inna, sai a gyara. Wa ta?"

"Wata yarinya ta, cikin gidanmu."

"Mi sunanta? In an zo gyara sai da suna, don kar a rubuta mutum guda sau biyu."

"Waccan... babbar."

"Ɗiyakki ta?"

A'isa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wani tsoho daga cikin masu gari ya gane, ya kau da kai don ya rage mata nauyi. Wani kuma ya yi murmushi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige ta gode wa Allah. Ta tuna takalmin da ya ƙi shiga.

"Ruƙayyatu," ta ce. "Ruƙayyatu Alu. Ɗiyata ta hwari. Cikin wata takwas za shi shiga, ƙahwahunta sun kumbura, huska ta kumbura. Ƙanwata haka tay yi tam mutu bakin ƙorama. Ku ba mu sajfam."

Manjo ya ajiye biro, fuskarsa ta canza. Ya ce a kawo yarinyar a auna ta tun hanya na buɗe. Hajiya Nasiba ta taso ta kama hannun A'isa ta fita da ita baranda, inda ba maza.

"Yaya, kin yi abin da ba kowa ka iya ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Waccan sajfam ta riga ta tare a Rijiyar Issa, kuma su ma mata na, ba a ɗauke musu. Abin da za a iya shi na a roƙi wata daga manyanmu na Filinge. Su ko can ba su jin kuka, lamba suka ji. In nic ce musu ukku, za su ce mu yi haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ka zuba mishi. Ku nawa na da gaskiya?"

"Mun hi goma."

"To, ki kawo mini su."

Kwana biyu bayan haka Alu ya kai Ruƙayyatu likita. Aka auna ta aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce in da hali ta zauna kusa. Amma a gidan wa? Ba mu da kowa a can, ga shuka ta matso, kuma ba a taɓa jin wadda ta zo goyon ciki ta haihu a gidan baƙi ba. Suka dawo da yamma.

Kafin A'isa ta fara bin gidaje, labari ya riga ta. Wai A'isa ta tsaya gaban maza a meri ta kama sunan 'yar fari, har da watannin ciki. Wasu suka riƙe baki, wasu suka ce tsufa ne ya zo mata da gardama. In ta yi sallama sai a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a yi ta zancen tsadar hatsi har ta gaji ta tashi. Wadda ta fi ba ta ciwo Husaina ce. Matar ɗanta ta yi ɓari sau biyu, wannan na uku an lulluɓe shi kamar ƙwai, ko rijiya ba a barinta zuwa.

"A'isa, in kin zubda taki kunya, ki bar mini tawa," in ji Husaina daga bakin ƙofa, ba ta ko matsa ta ba ta hanya ba. "Sau biyu muna gina rame bayan ɗaki. Ba ni kai cikin ga bakin duniya shi ƙare."

"Barin kashi a ciki ba shi maganin yunwa, Husaina."

"Naki cikin. Sai an jima."

A'isa ta koma gida ta zauna a bayan ɗaki ta yi kuka, kukan haushi da na rashin dabara. A nan dabarar ta zo mata. Washegari ta ɗauki ƙwarya ta rufe da faifai, ta huda faifan a tsakiya, ta kai ta ajiye a gindin aduwa, kan hanyar da mata ke bi in za su daji. Ta gaya wa tsohuwar ungozomar gari, ita kuma ta raɗa wa mata: duk gidan da ke da mai ciki, a jefa tsakuwa ɗaya. Ba suna, ba mai gani, ba wanda ya buɗe baki balle baki ya kama wani.

Ranar farko aka sami tsakuwa huɗu da kashin akuya, aikin wata mai neman magana. A'isa ta tsince shi ta mayar da faifai. A hankali ƙwarya ta fara nauyi. Wata safiya ta hango Husaina ta bi ta gindin aduwar, ta sunkuya kamar mai cire ƙaya, ta miƙe ta wuce ba ta waiwaya ba. Da aka zazzage a gaban ungozoma, tsakuwa goma sha shida ce.

Tijjani ya hau tudu inda waya ke kamawa ya kira Hajiya Nasiba. Ta ce a ɗauki hoton tsakuwar a aiko mata, za ta kai Filinge da hannunta, in sun ƙi lamba su ga duwatsu. Aka sa wa Tunga ɗigonta a taswira. Sai jira.

A kwanakin jiran nan ne wata rana da la'asar A'isa na tankaɗe, Ruƙayyatu na kwance a tabarma ta ɗaure kai da ɗankwali saboda ciwon da ba ya sakinta. Gidan ba kowa. Yarinyar ta yi ta kallon uwarta, sannan ta yi murmushi.

"Inna."

"Mi an na?"

"An ce kin hwaɗi sunana gaban maza."

A'isa ta ci gaba da kaɗa rariya.

"Wai har da na Baba kinka haɗa. Ni ban taɓa ji ba. Hwaɗa mini sau guda in ji yadda shike a bakinki."

"Ke, kama kanki. Ciwon kai bai ishe ki ba?"

"Sau guda, Inna. Ba kowa."

A'isa ta ajiye rariya. Tana son yarinyar nan fiye da duk abin da ta mallaka, kuma ta san yarinyar ta sani. Amma abin da aka yi shekara ashirin ana dannewa ba ya fitowa don an ce fito. Ta tashi ta kakkaɓe zani.

"Kin sha ƙwayakki?"

"Na sha."

"To ki kwanta." Ta shiga ɗaki ta fito da matashi ta tura mata ƙarƙashin ƙafafu. Ruƙayyatu ta yi dariya ta rufe ido.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, kuma ya sauka da ƙarfi. Gari ya fita shuka, ana ta hamdala, ƙasa na ƙamshi. Alu ya yi shuka kamar kowa, amma duk hadarin da ya haɗu a gabas sai ka ga ya tsaya da hauya yana kallonsa, ba ka san ko roƙon ya zo yake ko roƙon ya wuce ba. A ranar da ƙorama ta fara kawo ruwa, a ranar Hajiya Nasiba ta kira. Filinge ta yarda. An ba mu sajfam, sunanta Anisa, ta iso gidan likita da kayanta, hanya kawai take jira. Mata suka yi guɗa a rijiya. Har waɗanda suka ce A'isa ta zubar da kunya suka zo yi mata barka, ba kunya.

Ruwa bai tsaya ba. In ƙorama ta fara ja da baya sai a sake tafka wani a kan tudu.

Naƙuda ta zo da sassafe, kafin lokacinta. Tsohuwar ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani, kuma kafin rana ta take aka haifi 'ya mace, 'yar ƙarama, mai kuka kamar mage. Ba a gama yanke cibiya ba Ruƙayyatu ta ce tana ganin wuta-wuta. Sai idanunta suka juye, jiki ya sandare, ta fara jijjiga. Aka sa mata muciya a baki don kar ta tauna harshe. Alu ya ɗaura shanu. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, A'isa ta hau ta ɗora kan 'yarta a cinya, Tijjani ya ruga tudu ya kira mijin, Abdurrazak, ya kira likita.

Tun daga nesa suka ji rurin ƙorama. Ta cika ta batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassa da buhunan roba da wani ɗan maraƙi ƙafafu sama. Wasu samari biyu da suka iya ruwa suka ɗaura igiya suka shiga, kafin su yi nisa ruwa ya kwashe ƙafafunsu, da ƙyar aka jawo su. Ba mai ƙetare wannan da lafiyayyen mutum, balle da wadda ba ta san inda take ba.

A can ɗaya gaɓar Abdurrazak ya iso a kan babur. Ana ganinsa sarai, da farar riga, yana kai da kawowa, yana ɗaga hannu, yana ihun da ruwa ke cinyewa. Motar likita ta taso, aka ce, amma ta kafe a laka tun kafin ta kai rabin hanya. Aka ja amalanke ƙarƙashin wani gawo aka zauna jira. Jijjigar na zuwa ta saki, ta zo ta saki, kowane zuwa ya fi na baya daɗewa. A'isa na shafa mata ruwa a goshi tana karanta duk abin da ta haddace.

Da rana ta karkata numfashin ya canza. A'isa ta san wannan numfashin. Ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen 'yarta, a gaban mijinta da ɗanta da samarin gari, ta kira sunanta. Ta kira a hankali, ta sake kira, sannan ta ɗaga murya ta kira da ƙarfi har shanun suka razana. Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Kafin la'asar Ruƙayyatu ta cika.

Alu ya cire rawaninsa ya lulluɓe ta. Ba wanda ya iya ɗaga hannu ya yi wa mijin alama. Alu dai ya kama igiya ya juya kan shanu wajen gari. Da Abdurrazak ya ga amalanke ya juya sai ya daina kai da kawowa, ya zauna a cikin laka ya ɗora hannu a ka. Aka binne ta kafin magariba, ba shi.

Na ga mutuwa da yawa a Tunga, amma wannan ta tsaya mini a rai, har yau ban iya wuce gawon nan ban ji zuciyata ta ƙuntata ba.

Ruwa ya janye bayan an yi sadakar uku. Ranar da ƙorama ta koma iya gwiwa, da hantsi, amalanke ya shigo gari ɗauke da akwatuna da wata budurwa doguwa mai farar riga, ta tattare zani ƙafafunta duk laka. Anisa ce. A gidan likita ba wanda ya faɗa mata ko wace ce motar ta taso dominta, a hanya ma ba ta gamu da wanda ya gaya mata komai ba, mai amalanken baƙo ne, waya kuma ba ta kamawa a kwari. Ko ɗakin da aka share mata ba ta tsaya gani ba. Ta rataya jaka ta tambayi yara gidan Alu.

Ta tarar da A'isa a tsakar gida, jaririya a cinya, tana ɗiga mata nonon akuya da cokali.

"Salamu alaikum. Fofo, Inna, sannu da gida! Ke ce A'isa? Tun a Filinge nake jin labarinki, ke da tsakuwarki." Tana dariya tana buɗe jaka. "Mata goma sha shida aka ce mini, amma suna ɗaya kawai aka ba ni, aka ce da ita zan fara. Ina Ruƙayyatu?"

Matan da suka zo zaman makoki suka sunkuyar da kai. Sai a lokacin Anisa ta lura da tabarmin da aka shimfiɗa, da carbi a hannun kowa. Dariyar ta mutu a fuskarta, hannunta ya tsaya a cikin jaka.

A'isa ta ajiye cokali. Ta sa aka kawo wa baƙuwa ruwa, ta jira har ta kai bakinta, don ba a gaya wa mai ƙishirwa mutuwa.

"Sannu da hanya, ɗiyata. Kin yi ƙoƙari. Wadda kika nema ta riga ki, ga abin da tab bari."

Anisa ta durƙusa, hawaye na zubo mata. Ta miƙa hannu za ta karɓi jaririyar. A'isa ta girgiza kai, ta juya ta a baya ta ɗaure da zani, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Wagga ta jira, ta sha ta ƙoshi. Ɗauko jakakki. Matar ɗan Husaina tun asuba taka naƙuda, sun ɓoye. Taso in kai ki, ita tana da rai."